Gyaran hotuna a sari: yadda waya ke gyara hoto 300 lokaci guda, da inda kuɗin goro ke ɓata aiki

Duk mai sayar da kaya ta WhatsApp ko Instagram ya san daren da sabon kaya ya iso. An kwance dila daga Kantin Kwari, atamfa da leshi da shadda sun cika ɗaki, kuma ana so kwastomomi su gan su a sitatus kafin gari ya waye. Kowane zane sai an ɗauke shi hoto, a datse gefen da katifa ko takalmin yara ya fito, a ƙara haske, a liƙa sunan shago da lambar waya, sannan a ɗora. In kowane hoto ya ci minti 2, hoto 150 awa 5 ke nan cur. Na mai ɗaukar hoton biki ya fi haka yawa. Daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina, in ya dawo da hoto 800, wannan lissafi na minti bibbiyu zai zaunar da shi sama da awa 26, ga dangin amarya suna ta kira.

Kusan duk wannan wahala maimaici ce. Abin da aka yi wa hoto na farko shi ake yi wa na hamsin, yatsa ne kawai ke shan aiki. Irin wannan maimaici kuwa shi na'ura ta fi iyawa. Dabarar ita ce a gyara hoto ɗaya da kyau, a umarci manhaja ta yi wa sauran irin abin da aka yi masa. Kamar yadda ake sayen kaya a sari maimakon ɗai-ɗai, haka ake iya gyaran hoto a sari.

Dabarar ta girmi wayoyin da ke hannun mutane yanzu. Tun a 1990 aka saki ImageMagick, manhajar da John Cristy ya fara rubutawa lokacin yana aiki a kamfanin DuPont na Amurka, wadda ke sarrafa hotuna masu yawa da layin umarni guda. A 1996 Photoshop 4.0 ya zo da Actions: mutum ya danna maɓallin naɗa, ya yi gyaransa, manhajar ta haddace matakan, daga baya ta maimaita su a kan folda guda. A 2007 kamfanin Adobe ya fitar da Lightroom, wanda aka gina musamman don masu dawowa daga aiki da ɗaruruwan hotuna. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, wannan iko ya sauko cikin waya, har wasu wayoyin da shi suke zuwa daga kamfani.

Inda abin yake a waya

Manhajojin gyaran hoto na zamani galibi ba sa taɓa ainihin hoton yayin gyara. Jerin umarni suke ajiyewa a gefe: ƙara haske kaza, rage ja kaza, datse nan. Duk lokacin da aka buɗe hoton sai su ɗora masa umarnin. Shi ya sa ake iya kwafar gyara kamar yadda ake kwafar saƙo, a manna shi a wani hoton.

Masu iPhone sun samu wannan tun zuwan iOS 16 a 2022. A buɗe hoton da aka gama gyarawa a cikin Photos, a taɓa ɗigo ukun nan, a zaɓi Copy Edits. Daga nan a koma cikin tarin hotuna, a zaɓi duk waɗanda ake so, a sake taɓa ɗigo ukun, a danna Paste Edits. Cikin 'yan daƙiƙu an gama, kuma duk hoton da gyaran bai karɓa ba ana iya mayar da shi yadda yake tun asali. Samsung ma ya sa makamancin haka a Gallery daga One UI 6, wanda ya fito a ƙarshen 2023.

Masu Tecno, Infinix, itel da Redmi, hanyar da ta fi tabbas gare su ita ce manhajar da za a sauke. Lightroom na waya yana ba da damar adana gyara a matsayin firiset, wato tsararren gyara mai suna wanda taɓawa ɗaya ke ɗora shi a kan kowane hoto. Wannan kyauta ne, amma manna gyara a kan hotuna da yawa a tashi ɗaya yana cikin abubuwan da sai an biya kuɗin wata. Snapseed, wadda Google ta mallaka tun 2012, kyauta ce kuma babu talla a ciki. Tana tuna gyaran ƙarshe da aka yi, tana barin mutum ya adana nasa salon, har a mayar da shi lambar QR wani ya haska da wayarsa ya ɗauka. Ga shago mai yara biyu ko uku da ke ɗora kaya, wannan kaɗai ya isa ya sa hotunansu su fito iri ɗaya. Masu son cire bayan hoto a bar kaya a kan fari kuwa, Photoroom na yin haka a sari ga masu biya.

Aikin awo da aikin ido

Nan ne da yawa ke faɗawa rami. Ayyukan gyaran hoto kashi biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ke karɓar kuɗin goro.

Kashi na farko aikin awo ne, wanda ba ruwansa da abin da ke cikin hoton. Rage girma yana ciki. Hoton kyamara mai megafiksel 12 kan zo da faɗin fiksel 4000 da tsawon 3000, nauyinsa MB 3 zuwa 5, alhali faɗin 1080 ya ishi Instagram da sitatus. Hoto 150 masu MB 4 kowanne sun tashi MB 600. In an rage su zuwa kamar KB 300, duka ba su wuce MB 45 ba. WhatsApp kan matse hoto da kansa kafin ya tura, don haka ribar datar ta fi fitowa wajen ɗorawa a Google Drive, imel, shafin shago, ko tura hoto a matsayin fayil. Masu shagon intanet da ke yi wa ɗalibai rajista sun fi kowa sanin darajar wannan, tunda shafukan rajista kan ƙi hoton fasfo in ya wuce 'yan KB kaɗan, ga ɗalibai aji guda suna jira.

Sauya nau'in fayil ma aikin awo ne. Tun iOS 11 a 2017 iPhone ke adana hoto a tsarin HEIC, wanda tsofaffin kwamfutoci da wasu wuraren wanke hoto ba sa buɗewa, sai an mayar da shi JPEG. Haka sauya suna. Kyamara na raɗa wa hoto suna irin IMG_4821, kuma in masu ɗauka biyu suka zuba hotunansu a folda ɗaya, sunaye kan yi karo, wani ya danne wani ba a sani ba. In aka sake musu suna a jere, leshi-001 har zuwa leshi-150, an huta da wannan. In kuma aka buga lambar a jikin hoton, kwastoma sai dai ta ce tana son 047, ba sai ta tsaya kwatanta mai ruwan goro da ɗigon zinare ba.

Ko a aikin awon akwai ɗan tarko. Hoton tsaye da na kwance ba sa karɓar datsa iri ɗaya. Umarnin da ya datse hoton kwance daidai, shi zai sare hular ango ko ɗaurin ɗankwalin amarya a hoton tsaye. Tambarin shago da aka sa a kusurwa zai iya hawa kan fuska ko ya fita waje. Maganin bai wuce a ware na tsaye daban, na kwance daban, kafin a fara.

Kashi na biyu aikin ido ne: haske, launi, fatar mutum. Shi ya danganta da hasken da aka ɗauki hoton a ciki, kuma haske ba iri ɗaya ba ne. Masu hoto na auna launinsa da ma'aunin Kelvin. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2700 zuwa 3000, hasken rana tsaka kamar 5500, inuwa kuma takan kai 7000 ko fiye, shi ya sa hoton inuwa ke ɗaukar shuɗi-shuɗi. Ido ba ya lura saboda ƙwaƙwalwa na gyarawa da kanta, amma kyamara na gani. A biki ɗaya akwai ɗaurin aure a ƙofar masallaci da rana, kamu a tsakar gida cikin inuwar rumfa, da dina a ɗakin taro mai fitilu shuɗi da ja. Gyaran da ya cire rawaya daga hoton ɗaki, in an manna shi a hoton rana, farar babbar riga sai ta koma kamar an zuba mata bula.

Ga mai sayar da kaya abin ya wuce ado, kuɗi ne. Kyamarar waya na auna haske da kanta a kowane hoto, tana ƙoƙarin kai komai tsaka-tsaki. In aka nuna mata farar shadda sai ta rage haske, shaddar ta fito toka-toka. In aka nuna mata baƙi sai ta ƙara, ya fito kamar ya koɗe. Wato hotuna goma da aka ɗauka a wuri ɗaya, a minti ɗaya, ba daga tushe ɗaya suka taso ba, don haka gyara ɗaya ba zai kai su wuri ɗaya ba. A ƙara da al'adar cika launi don kaya su yi ɗaukar ido, sai ruwan hanta ya koma ja, sararin samaniya ya koma shuɗi mai duhu. Kaya su isa Gombe ko Maraɗi, mai saye ta buɗe ta ga ba abin da ta gani a sitatus ba ne. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kan wani zai faɗa, kuma in ankon biki ne, mutum ashirin aka ɓata wa rai lokaci guda.

Saboda haka gyaran sari mai kyau tun wajen ɗauka yake farawa. A ɗauki kaya a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kusa da taga ko a inuwar da hasken rana ke shiga, a kashe ƙwan ɗaki don kada haske biyu su haɗu. A kulle awon haske: a iPhone da wayoyin Android da dama, danna allo a riƙe na ɗan lokaci ke kulle shi, masu sashen Pro a kyamara kuma za su iya tsayar da launin haske da hannu. A sa farar takarda a hoton farko, a gyara har takardar ta fito fari sosai, wannan gyaran shi za a kwafa wa sauran. Mai hoton biki kuwa ya kasa hotunansa gida-gida: na rana, na inuwa, na ɗaki, na filashi. Kowane kaso da nasa hoton gwaji. Gyara huɗu ko biyar ke nan a maimakon 800, kuma aiki ne na gaske.

Firiset ɗin wani, fatar wani

Intanet cike take da firiset na kyauta da na sayarwa, masu sunayen birane da fina-finai. Da yawansu a kan farar fata aka gwada su. Matsalar tsohuwa ce a harkar hoto. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa wuraren wanke hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanonin waya sun gane cewa akwai gyara: Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna wajen daidaita kyamararsa da baƙar fata, Google kuma ta zo da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021.

Firiset na iya rushe duk wannan ƙoƙari da taɓawa ɗaya. A Lightroom da ire-irenta, fatar ɗan Adam, fari ko baƙi, a sashen ruwan lemo da ja take zaune. Firiset ɗin da ya rage ruwan lemo don hoto ya yi kama da fim, zai mayar da baƙar fata toka-toka kamar ta mara lafiya. Wanda ya ƙara shi kuma zai sa mai wankan tarwaɗa ta koma kamar an shafa mata jan ƙasa. A hoto ɗaya ido zai kama nan take. A hoto 300 da aka manna wa aka tura ba a duba ba, amarya ce za ta fara gani. Duk firiset ɗin da aka sauko da shi, a fara gwada shi a kan fuskar da ta fi duhu da wadda ta fi haske a cikin hotunan, a gyara sashen ruwan lemo, a adana shi da sabon suna.

Kuskure ɗaya, sau 300

Na'ura ba ta tambaya. Yadda take ninka aiki mai kyau, haka take ninka ɓarna, kuma mafi muni ita ce danne hoton asali. Wasu manhajojin rage girma kan maye gurbin hoton da ƙaraminsa in ba a nuna musu wata folda ba, wasu ma kan tambaya ko a goge na asali don a samu wuri a waya. Wanda ya amsa da to, ya rabu da su ke nan. Ƙaramin hoto ba ya komawa babba. A ma'aunin da ake wanke hoto mai kyau, ɗigo 300 a kowane inci, faɗin fiksel 1080 bai wuce inci 3.6 ba. Ranar da uwar amarya ta ce a wanko babba na bango, babu abin da za a ba ta sai dishi-dishi.

Shi kansa JPEG, wanda aka tsara tun 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanan hoto, kuma duk lokacin da aka sake adanawa sai ya ƙara zubarwa. Wanda ya rage girma a wata manhaja, ya sa tambari a wata, ya ƙara haske a wata, sannan WhatsApp ya matse, hotonsa ya sha matsa sau huɗu. A nan ne zaren leshi ke narkewa, rubutun lambar waya ya yi gashi-gashi. Gwamma a haɗa matakan duka a manhaja ɗaya, a fitar sau ɗaya, a ingancin 80 zuwa 85 cikin 100. Kafin a saki umarni a kan folda guda kuma, a kwafi na asali a ajiye wani wuri, a gwada a kan hoto biyar, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a duba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Kowane hoto na tafe da bayanan da ake kira EXIF: irin wayar, rana da lokaci, kuma in an bar kyamara ta san wuri, har da daidai inda aka tsaya. A Disambar 2012, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar tsaron kwamfuta mai sunansa, yana ɓoye wa 'yan sandan Belize, sai 'yan jaridar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba a goge waɗannan bayanai ba. Nan da nan masu bincike suka gano yana Guatemala, kuma cikin kwanaki aka kama shi a can. WhatsApp na goge bayanan in an tura hoto yadda aka saba, amma in an tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, da su yake tafiya. Matar da ke sana'a daga cikin gidanta, tana tura wa baƙin mutane hotunan kaya, ya kamata ta san haka. Goge bayanan wuri aikin awo ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi dacewa a yi su a sari.

In akwai kwamfuta

Duk da ci gaban waya, in hotuna suka kai ɗaruruwa, ko tsohuwar laftof ta fi sauri da sauƙin dubawa. IrfanView, wadda Irfan Škiljan ya fitar a 1996, ƙarama ce ƙwarai, kuma danna harafin B kawai ke buɗe sashen sari, inda ake rage girma, sauya nau'i da sauya suna a zama ɗaya. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, amma mai kasuwanci da ita ana so ya sayi lasisi. XnConvert na barin mutum ya jera matakai kamar girki, wannan bayan wannan, ya adana jerin don gobe. Masu ɗauka da babbar kyamara da ba sa son biyan kuɗin wata suna da darktable da RawTherapee, dukansu kyauta.

Masu son taɓa umarni kuwa, ImageMagick na aiki har a Android ta cikin Termux. Bayan an girka ta, an ba Termux izinin shiga ma'ajiyar waya, an shiga foldar hotunan an buɗe wata mai suna kanana a ciki, layi ɗaya ya isa:

magick mogrify -path kanana -auto-orient -strip -resize 1080x -quality 82 *.jpg

Wannan zai miƙar da kowane hoto, ya goge bayanan EXIF, ya rage faɗi zuwa 1080, ya zuba sakamakon a sabuwar foldar. Sai dai a kula da -path kanana. In aka manta da shi, mogrify a kan na asali take rubutawa, ba gargaɗi, ba komawa baya.

Ƙirƙirarriyar basira ta fara shiga aikin idon ma. Tun 2021 Lightroom ke iya gano mutum ko sararin sama a cikin hoto da kansa, ta yadda in an kwafi gyaran da aka yi wa mutum kaɗai, zai nemo mutumin a kowane hoto ko da ya sauya wuri. Manhajoji irin Aftershoot na tace hotunan biki, su ware waɗanda aka rufe ido ko suka yi dishi-dishi, Imagen kuma na koyon salon mai hoto daga tsofaffin ayyukansa ta gyara sababbi a kan haka. Kuɗinsu da dala ne, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai karɓar aiki da naira ko sefa.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne inda hoton ke zuwa. Shafukan da ke cewa a ɗora hoto 50 su gyara kyauta, da yawansu a kan kwamfutocinsu suke aikin, ma'ana hotunan sun bar waya sun tafi hannun da ba a sani ba. In takalma ne ko turare, da sauƙi. In hotunan sa lalle ne na matan gida da ba su sa mayafi ba, ko fasfo ɗin ɗalibai da sunayensu, amana ce aka ba mai hoto, kuma masu su ba su san an kai su can ba. Gwajin yana da sauƙi: a kashe data da Wi-Fi, a sake gwada manhajar. In ta yi aikin, a cikin wayar take yinsa. In ta tsaya tana neman intanet, mai yiwuwa waje take kai hotunan.